Zaitun a Cikin 'Ya'yan Itatuwa: Tsakanin “Fruit” da “Olive”

Kalmomin Ingilishi guda biyu, “fruit” da “olive”, ba a mataki ɗaya suke ba. Ta farko suna ne na gama-gari, wanda ya tattara mangwaro da lemo da ayaba da inabi da ɗaruruwan irinsu a ƙarƙashinsa. Ta biyu sunan abu ɗaya ne tak, wato zaitun, da bishiyar da ɗan da take haifa. Dangantakarsu irin ta dabba da raƙumi ce: kowane raƙumi dabba ne, amma ba kowace dabba ce raƙumi ba. Da a nan maganar ta tsaya, da layi biyu na ƙamus sun wadatar. Sai dai zaitun bai zauna daram a cikin rukunin da aka saka shi ba. Baturen Ingila da ya gama cin abinci ya ce a kawo masa “fruit”, in aka ajiye masa kwanon zaitun zai ɗauka ba a ji abin da ya ce ba, ko kuwa tsokanarsa ake yi. In kuma aka kai ƙara gaban malamin ilmin tsirrai, cewa zai yi mai kawowa bai yi kuskure ba. Dukansu Ingilishi suke yi, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Abin da ya jawo haka shi ne “fruit” tana ɗauke da ma'ana biyu, ɗaya ta aji, ɗaya ta kicin da kasuwa. A wurin masana tsirrai, “fruit” shi ne abin da mahaifar fure ke rikiɗa ta zama bayan ta ƙosa, wanda ke riƙe da iri a cikinsa. Zaƙi ko ɗaci ba ya cikin lissafinsu. Da wannan ma'auni tumatir da kuɓewa da barkono da kabewa da gauta duk sun shiga, har da kwanson wake da ƙwayar masara. Zaitun kuwa ya shiga ba tare da gardama ba. Yana cikin irin 'ya'yan da ke da fata a waje, tsoka a tsakiya, da ƙwallo mai tauri guda ɗaya a ciki, tsari ɗaya da mangwaro da magarya da ɗinya. Masana na kiran irin wannan “drupe”. Ƙwallon da ke ciki Ingila na ce masa “stone”, wato dutse, Amurka kuma ta fi cewa “pit”.

Ma'anar kicin ta fi ƙunci, kuma ita ce ke bakin mutane kullum. A nan “fruit” abu ne mai zaƙi ko mai ɗan tsami, mai ruwa, wanda ake iya ci ɗanye, yawanci bayan abinci ko tsakanin abinci da abinci. Saɓanin ma'anonin biyu ya taɓa kaiwa kotu. A 1883 Amurka ta yi dokar kwastan da ta ɗora haraji a kan kayan lambu da ake shigowa da su daga waje, ta bar 'ya'yan itatuwa ba haraji. Wasu 'yan kasuwa a New York da aka karɓi kuɗinsu a kan tumatir suka ce ba su yarda ba, ai tumatir “fruit” ne. A 1893 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Nix da Hedden. Ta amince cewa a ilmin tsirrai tumatir ɗan itace ne, amma ta ce doka da harshen jama'a take magana, jama'a kuwa tare da babban abinci suke cin tumatir, ba a matsayin kayan zaƙi na bayan abinci ba. 'Yan kasuwa suka rasa kuɗinsu. Bayan fiye da ƙarni ɗaya Tarayyar Turai ta bi ta ɗaya gefen. A dokarta ta 2001 kan jam, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari ake shafawa a burodi, ta lissafa karas da dankalin Hausa cikin “fruit”, alhali saiwoyi ne da ba su taɓa kusantar fure ba. Iyakar kalmar tana matsawa gwargwadon buƙatar mai amfani da ita.

Ba wuya a gane abin da ya fitar da zaitun daga ma'anar kicin. Wanda ya tsinko shi daga reshe ya jefa a baki zai tofar nan take, domin akwai wani sinadari mai tsananin ɗaci a cikinsa, ana kiransa oleuropein. Kafin ya ciwu sai an jiƙa shi cikin ruwan gishiri na makonni ko watanni, ko a tsoma shi a ruwan soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita sannan a wanke, ko a binne shi cikin busasshen gishiri. Sukarin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, mai kuwa yakan kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, wani irin ma ya fi. Shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na zaitun ɗin da ake girba a duniya wurin matsa yake tafiya. Ɗan abin da ya rage ne ke isa teburi, kuma in ya isa, kusa da cuku da burodi da kifi ake ajiye shi, nesa da inabi da tuffa. A kantunan Ingila ba a samunsa a sashen “fruit”. Yana can cikin kwalabe da gwangwani tare da kayan da aka tsuma.

Kore da baƙi ba iri biyu ba ne, kamar yadda masu koyo da yawa ke zato idan sun ga “green olives” da “black olives” a jikin kwalba. Ɗa ɗaya ne, koren an tsinke shi kafin ya nuna, baƙin an bar shi ya nuna a bishiya. Akwai kuma baƙin gwangwani irin na Kalifoniya, wanda kore ne aka hura masa iska ya yi duhu, aka riƙe launin da wani sinadarin ƙarfe.

Mai koyo Bahaushe yana zuwa wa “fruit” da nasa kayan. Hausa ba ta da kalma guda tilo a wannan gurbi, siffantawa take yi. Takan ce ɗan itace ko 'ya'yan itatuwa, ta mai da bishiya uwa. Ba ado ba ne kawai, haka harshen yake tunani: bishiya tana haihuwa, tana yin 'ya'ya, kuma ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. A kasuwa kuma sai a ce kayan marmari, wanda ya bar zancen bishiya ya koma kan abin da rai ke so. Sunayen biyu sun yi kusan daidai da ma'anoni biyun Ingilishi, ko da yake ba su haɗu baki da baki ba. Kankana yaɗo take yi a ƙasa, abarba ba ta da itace, amma ana kiransu 'ya'yan itatuwa ba wanda ya damu. Tumatir kuma Bahaushe bai jira wata kotu ba, tun tuni ya ajiye shi cikin kayan miya tare da tattasai da attarugu da albasa. Zaitun ɗan itace ne a Hausa, amma da wuya a ji mai tebur ya lissafa shi cikin kayan marmari. Wanda ya gane wannan a harshensa ya riga ya gane matsayin “olive” a cikin “fruit”.

Akwai wani rabo da Hausa ke yi wanda Ingilishi bai san da shi ba. Ana shan mangwaro da lemo da kankana da rake, ana cin ayaba da dabino da goruba. Aikatau ne ke bayyana yawan ruwan da ke jikin abu. Ingilishi “eat” yake yi wa dukansu, “drink” kuwa sai an matse an zuba a kofi. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya yi “drink” ɗin mangwaro Hausarsa daidai take, Turancin ne ya kauce.

Asalin kalmar “fruit” ya fi karkata wajen marmari fiye da wajen bishiya. Ingilishi ya aro ta daga Faransanci bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin “fructus”, wadda ta fito daga aikatau “frui”, ma'ana a ji daɗin abu, a ci moriyarsa. “Fructus” ba ta tsaya kan abin da ke rataye a reshe ba. Hatsi, 'ya'yan dabbobi, kuɗin haya, ribar dukiya, duk suna ciki. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan tsohuwar ma'ana ita ce amfani, kamar yadda ake cewa amfanin gona. Har yau lauyoyi na riƙe da “usufruct”, wato haƙƙin cin amfanin gona ko gidan wani ba tare da an mallake shi ba. Kafin zuwan kalmar, tsohon Ingilishi yakan yi amfani da kakar “apple”, wato tuffa, a kan 'ya'yan itace iri-iri, har dabino ma tuffar yatsa ake ce masa. Ragowar wannan al'ada ce ta bar “pineapple”. Da farko sunan ɗan bishiyar pine ne mai ɓawo-ɓawo, daga baya Turawa suka ga abarba ta yi kama da shi suka ba ta sunan.

“Olive” ta bi wata hanya mai tsawo. Ita ma ta Faransanci ta shigo, daga Latin “oliva”, wadda Rumawa suka aro daga Girkanci “elaia”. Girkawa na kiran man wannan bishiya “elaion”, Rumawa suka mai da shi “oleum”, kuma daga nan Ingilishi ya sami “oil”. Ke nan a farkon lamari, in an ce mai a Bahar Rum, man zaitun ake nufi, ba sai an fayyace ba. Da aka buƙaci suna ga baƙin man da ke tsatsowa daga ƙasa, sai aka haɗa “petra”, dutse, da “oleum”, aka sami “petroleum”, man dutse. Daga gare shi “petrol” ta fito, ita ce kuma Hausa ta lanƙwasa ta zama fetur. Direban da ya tsaya a gidan mai a Zariya ko Maraɗi ya ce a zuba masa fetur, da jikar kalmar Girkawa ta man zaitun yake magana.

Hausa ba ta Turai ta samo sunan bishiyar ba. Zaitun daga Larabci yake, kuma Larabci ma ya yi abin da Girkanci ya yi, domin “zait” shi ne mai. Yara da yawa a makarantar allo suka fara jin kalmar, a Suratut Tin, wadda ta buɗe da rantsuwa da ɓaure da zaitun, tun ba su taɓa ganin ɗansa ba. Tsohon masallacin Tunis da ya zama babbar cibiyar karatu sunansa Zaituna, kuma tudun da ke gabashin tsohon birnin Ƙudus shi ne Dutsen Zaitun. A Sifaniya hanyoyin biyu suka haɗu, sakamakon mulkin Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492. Bishiyar “olivo” ce, daga Latin, ɗanta “aceituna”, mansa kuma “aceite”, su biyun daga Larabci. Sifaniyar ce ke kan gaba a duniya wajen samar da man zaitun, kuma lardin Jaén kaɗai yana da bishiyoyi fiye da miliyan 60.

A ƙasar Hausa man aka fi sani, ba ɗan ba. Ana sayar da shi a ƙananan kwalabe a shagunan magungunan Musulunci, gefe da gefe da habbatus sauda da zuma. Bishiyar ba ta saba da nan ba, domin tana buƙatar sanyin hunturu irin na Bahar Rum kafin ta yi fure sosai. Wannan rashin sani ya haifar da ruɗani guda da ya yaɗu, wato ɗaukar atili a matsayin “olive”. Kamannin suna nan: ɗan atili dogo ne kaɗan, mai duhu, mai maiƙo, mai ƙwallo ɗaya, ana jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi kafin a ci, ana kuma matse mai daga gare shi, musamman a Filato. Har a Turanci wasu na ce masa “African olive”. Amma dangi daban ne. Atili, wanda masana ke kira Canarium schweinfurthii, ɗan gidan su hano da dashi ne, itatuwa masu ƙaro, zaitun kuwa, Olea europaea, dangin furen yasmin ne. Wanda ya rubuta “olive oil” a jikin kwalbar man atili ya sayar da abu da sunan wani. Abin da ba a cika sani ba shi ne akwai zaitun na haƙiƙa, na daji, a kan duwatsun Azbin da ke arewacin Nijar, da Hoggar a Aljeriya da Jabal Marra a Darfur. Ba a noma shi, kuma 'ya'yansa ƙanana ne marasa tsoka.

A nahawu ne bambancin kalmomin ya fi cizon ɗalibi. “Olive” ana ƙirga ta: “an olive”, “ten olives”, kuma “an” take ɗauka saboda wasali ne a farkonta. “Fruit” kuwa yawanci ba a ƙirga ta, kamar ruwa ko shinkafa ake ɗaukarta. Ana cewa “some fruit”, ana tambaya “how much fruit”, alhali a ɗaya gefen “how many olives” ne. In ana nufin guda ɗaya, a ce lemo ɗaya a cikin kwando, “a piece of fruit” ake cewa ko da ba a yanka shi ba. Tun da 'ya'yan itatuwa jam'i ne a Hausa, hannun ɗalibi yakan ƙara “s” da kansa. “Fruits” ba kuskure ba ce a ko'ina, tana da wurinta idan ana maganar iri-iri, kamar “tropical fruits”, kuma “a fruit” daidai ne idan ana nufin iri guda, kamar a jimlar “the olive is a fruit”. Ingila na rubuta “fruit and vegetables”, ɗaya tilo ɗaya jam'i, Amurka kuma ta fi sakin hannu da “fruits and vegetables”. Turancin Najeriya ya fi kusa da na Amurka a nan, amma mai gyaran takardar jarrabawa yakan bi Ingila.

Furuci ma yana da tarkonsa. A “fruit” ba a furta “i”, dogon “u” ne kawai kamar a “root”. Harshen Hausa ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali, yadda “bread” ta zama burodi, don haka “furut” ke fita. A “olive” nauyin murya a gaɓar farko yake, “e” ta ƙarshe ba ta fita, kuma ƙarshen kalmar irin na “give” ne, ba na “alive” ba. Sautin “v” babu shi a Hausa, shi ya sa aka sami direba da talabijin, kuma shi ya sa “olib” ko “olif” ke zuwa baki kafin a horar da leɓe da haƙori.

Idan aka bar teburi aka shiga salon magana, “fruit” ta koma ga tsohuwar ma'anarta ta amfani. Aikin da ya yi “bear fruit” shi ne wanda ya haifar da ɗa mai ido. Tattaunawa “fruitful” ita ce wadda kwalliya ta biya kuɗin sabulu, “fruitless” kuma haƙa ce da ba ta cimma ruwa ba. “The fruits of labour” sakamakon gumi ne, kuma a nan jam'in ya zauna daidai. Ma'aikatan ofis na cewa “low-hanging fruit” ga nasarar da ba ta buƙatar wahala. “Forbidden fruit” daga ƙissar Annabi Adamu ta fito, kuma ko da yake masu zanen Turai sun saba zana tuffa, Littafin Farawa bai faɗi sunan ɗan itacen ba. Kalmar na iya ɗaukar nauyi mai ban tsoro. Waƙar “Strange Fruit”, wadda Abel Meeropol ya rubuta, Billie Holiday ta rera a faifai a 1939, a kan gawarwakin baƙaƙen fata ce da gungun fararen fata ke ratayewa a bishiyoyi a kudancin Amurka. Faɗin kalmar ne ya ba da damar haka, tun da duk abin da ke lilo a reshe yana iya shiga cikinta.

“Olive” ba ta da wannan yalwa. Karin magana guda ta shahara da shi, kuma ba ɗan ba ne a ciki, reshen ne. “To offer an olive branch” shi ne yin tayin sulhu. Tushensa biyu ne: kurciyar da ta komo wa Annabi Nuhu da ganyen zaitun bayan ruwan ɗufana kamar yadda Attaura ta kawo, da al'adar Girkawa da Rumawa ta riƙe reshen a matsayin alamar neman zaman lafiya. Rassa biyu ne suka kewaye taswirar duniya a tutar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da ita a 1947, kuma a zauren majalisar ne Yasir Arafat ya shaida wa duniya a 1974 cewa ya zo da reshen zaitun da kuma bindiga. Mai fassara da ya ce wani shugaba ya miƙa wa 'yan adawa reshen zaitun zai bar mai sauraro yana tunanin kyautar itace. Hannun sulhu ya miƙa.

Ƙuncin kalmar ya ba ta wani abu da “fruit” ba za ta taɓa samu ba, wato launi. “Olive” ko “olive green” kore ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, kuma “olive drab” shi ne launin kakin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. “Olive skin” fata ce irin ta mutanen Bahar Rum, ba fara fat ba, ba baƙa ba. Hausa ma haka take samo ruwan goro da ruwan ɗorawa, daga abu guda sananne. Sunan gama-gari ba ya zama launi, domin ba wanda zai san ko jan tuffa ake nufi ko rawayar ayaba.

Akwai wuri ɗaya da kalmomin biyu ke haɗuwa a bakin ƙwararru. Majalisar zaitun ta duniya, wadda aka kafa a 1959 take da mazauni a Madrid, ta tsara yadda masu ɗanɗano ke tantance mai. Siffofi uku take ɗauka a matsayin nagarta: ɗaci, da yajin da ke kama maƙogwaro, da abin da take kira “fruity”. Wannan ta ukun ba zaƙi take nufi ba, ƙanshin lafiyayyen ɗan zaitun ne da aka tsinko ba da daɗewa ba, ko kore ko nunanne. Man da ke neman a rubuta masa “extra virgin” dole a ji wannan ƙanshi a cikinsa, kada a sami wani aibi a ɗanɗanonsa, kuma ma'aunin asid ɗinsa kada ya wuce kashi 0.8 cikin 100.